Idan ruwan gida ya koma kalar shayi: yadda za ka gane tanin kuma ka rabu da shi

Akwai ruwan da za ka ɗebo a rijiya ko a tanki ka ga ya yi launin shayin da ba a sa wa madara ba. Ba gurɓatacce ba ne irin na laka, don kana hango gindin kofin tas ta cikinsa, amma launin na nan daram. Ka kurɓa ka ji ɗan bauri a harshe, wani lokaci da warin jiƙaƙƙen ganye. Uwargida ta wanke farar shadda da shi sau biyu sau uku, sai farin ya fara komawa rawaya-rawaya. Irin wannan ruwa galibi tanin ne a cikinsa.

Tanin sinadari ne da itatuwa ke ajiyewa a ɓawonsu da ganyensu da 'ya'yansu. Shi ke sa baurin goro, shi ke sa baurin shayin da ya daɗe a kan wuta, kuma shi ne majema ke nema a cikin bagaruwa idan za su jeme fata. Duk inda ganye ko itace ya jiƙa ya ruɓe, sai ya sake shi cikin ruwa, tare da wasu sinadaran ruɓaɓɓen tsiro da masana ke kira humik da fulbik. Masu gyaran ruwa kan haɗa su duka su ce tanin, tunda launinsu ɗaya, maganinsu ma ɗaya.

A wasu ƙasashe abin daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa. Kogin Rio Negro na Brazil baƙi ne wuluk saboda ganyen dajin Amazon, har a kusa da birnin Manaus ana ganin inda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan kogin Solimões mai laka ba su gauraya ba. A Florida ta Amurka da tsaunukan Sikotland, ƙasar ce kanta ke ƙunshe da ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, don haka rijiyoyi da madatsun ruwa ke fitar da ruwa mai launi. Mu nan ƙasarmu busasshiya ce, irin wannan ƙasa ba ta da yawa. Namu tanin daga sama yake shigowa: ganyen darbejiya da mangwaro da ke zuba cikin buɗaɗɗiyar rijiya, indararon da ya cika da shara tun rani, rufin ciyawa, tafki, ko rijiya mara zurfi a bakin fadama, kamar yankin Haɗeja da Nguru inda kachala ke ruɓewa cikin ruwa shekara da shekaru. Wannan labari ne mai daɗi, domin abin da ke shigowa ta sama ana iya tare masa hanya ba tare da an sayi na'ura ba.

Shi tanin a ƙashin kansa, gwargwadon da ake samu a ruwan gida, ba guba ba ne. Wanda ke shan shayi kofi biyu a rana yana shan fiye da haka. Illarsa biyu ce, kuma duk a ɓoye suke. Ta farko, hanyar da ruwan ganye ya bi ya shiga rijiyarka, ita ce kashin dabbobi da ruwan kwata za su bi. Ta biyu, yana cinye kulorin ɗin da ka zuba don kashe ƙwayoyin cuta, sai ka ɗauka ruwan ya tsarkaka alhali maganin ya ƙare a kan launi.

Mataki na farko: tabbatar tanin ɗin ne

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. A arewa, mafi yawan jan ruwan da ke fitowa daga rijiyar burtsatse ba tanin ba ne, sinadarin ƙarfe ne ko laka, kuma maganin kowanne daban. Kafin ka kira kowa, yi wannan gwajin da ba ya cin ko kwabo.

Samo kwalba ko kofin gilashi mai haske, ka wanke. Idan famfo ne, bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna don wanda ya kwana cikin bututu ya fita, sannan ka cika. Ɗora kwalbar a kan farar takarda ka duba launin nan take, ka ɗauki hoto da waya. Bar ta a buɗe inda ba za a taɓa ta ba har gari ya waye.

Da safe ɗaya daga cikin uku za ka tarar. Idan ruwan ya fito fari tas jiya amma yau ya yi ja, ga wani abu kamar tsatsa a gindi, to ƙarfe ne: iska ce ta taɓa shi ya juye. Idan ya fito a dagule amma yanzu saman ya washe, ƙasan ya tara tabo, laka ce. Idan kuwa launin na nan yadda yake jiya, daga sama har ƙasa bai ɗaɗa ba bai ragu ba, babu abin da ya kwanta, wannan shi ne tanin. Ya narke ne cikin ruwan, ba yawo yake yi a ciki ba, shi ya sa ajiya ba ta kwantar da shi, tsumma ba ya tace shi, tafasawa ma ba ta rage shi. Hasali ma in ka daɗe kana tafasawa launin ƙara kauri yake yi, don ruwa ne ke tashi ya bar shi.

Akwai wanda zai sami biyu a haɗe, tanin da ƙarfe. Irin wannan ruwa yakan yi duhu fiye da kima, domin idan tanin ya gamu da ƙarfe baƙi suke yi. Dukawa sun daɗe da sanin haka: ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, da an shafa shi a fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa. Matsalar ita ce tanin na riƙe ƙarfen ya hana shi kwanciya, sai gwajin kwalba ya nuna maka kamar tanin ne kaɗai. Saboda haka, duk wanda ke shirin kashe kuɗi mai kauri ya kai ruwansa ɗakin gwaji tukuna. Hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, wato RUWASSA, ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, za su yi ko su nuna maka inda ake yi. Ka ce a duba launi, da tanin, da ƙarfe, da ma'aunin pH mai nuna ko ruwa na da tsami, da taurin ruwa, wato yawan ma'adanan da ke hana sabulu kumfa, da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar a 2007, ta sa iyakar launi a 15 bisa ma'aunin launi na TCU, ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita, pH kuma tsakanin 6.5 da 8.5. Da waɗannan lambobi za ka gwada sakamakonka. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta a kwalbar da ɗakin gwajin ya ba ka ake ɗiba, a sa cikin ƙanƙara, a kai a ranar.

Mataki na biyu: nemo ƙofar da yake shigowa

Tambayi kanka yaushe launin ke zuwa. Idan sai an yi ruwan sama da kwana ɗaya ko biyu yake bayyana, sannan ya dushe da rani, to ruwan saman ƙasa ne ke kutsawa. Idan yana nan rani da damina ba canji, daga jikin ƙasar yake.

Mai buɗaɗɗiyar rijiya ya fara ɗaga kai ya ga wace bishiya ce a kanta. Darbejiya na kakkaɓe ganye da rani, bagaruwa na zubar da 'ya'ya, gawo kuwa saɓanin sauran itatuwa da damina yake zubar da nasa. Ba sai an sare bishiya ba. A rage rassan da suka rufa a kan rijiyar, a yi mata murfi mai rufuwa sosai. A kira masu yasa su kwashe baƙin tabon da ya taru a gindi, domin ganyen shekaru ne kwance a wurin yana ta jiƙuwa, kuma in ba a kwashe shi ba murfi ba zai hana launi ba. Ƙarshen rani ya fi dacewa, lokacin da ruwa ya ja baya. Kada a bar kowa ya shiga shi kaɗai, kuma kada a sauke injin fetur cikin rijiya yana aiki mutum na ciki. Hayaƙinsa na kashewa cikin mintuna.

Bayan yasa, a ɗaga bakin rijiyar ya kai kusan ƙugu, a zuba daɓen siminti kewaye da ita mai gangarowa waje, da 'yar kwata da za ta kai ruwan da ya zube nesa. A leƙa da tocila a duba mahaɗar zoben siminti na sama, wajen mita uku na farko. Inda ka ga baƙin zane yana gangarowa daga tsaga, nan ne ƙofar. A toshe da siminti. Turken dabbobi da juji da masai su yi nesa da rijiya, mita 30 in fili ya bari.

Rijiyar burtsatse da ke canza launi bayan ruwan sama, kusan ko yaushe simintin da ya kamata a ɗura tsakanin bututu da jikin rami ne ba a yi ba, ko an yi na ganin ido. Wannan aikin mai haƙa ne, a kira shi ya gyara. Zuba kulorin mai yawa cikin ramin zai washe ruwan na 'yan kwanaki, sannan launin ya dawo da ruwan sama na gaba.

Tankin ruwan sama shi ya fi sauƙi. Kafin damina ta faɗi a hau a share kwano da indararo, a sa raga a bakin bututun da ke shiga tanki. Ruwan farko na shekara a bar shi ya zube gaba ɗaya, don shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Bayan haka ma, duk ruwan da zai sauka, a kauce wa na farkonsa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai ba da lita 100 a milimitarsa ta farko, kuma ita ce ta fi datti. Mai gyaran famfo na iya haɗa maka ɗan durom ko faffaɗan bututu da zai fara cika kafin ruwa ya wuce tanki, ka riƙa zubar da shi bayan kowane ruwa. Tankin da ya riga ya yi launi, ni a ganina kada ka wahalar da kanka da magani. A yi ban-ruwan shuka da shi, a wanke tankin, a tari sabo. Ruwan rufin ciyawa kuwa ba ya rabuwa da launi. A bar shi wa wanke-wanke da dabbobi.

Gidaje da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa. A jira makonni biyu ko uku ana ɗibar ruwa, a sake gwajin kwalba, a gwada da hoton farko.

Mataki na uku: alam, amma da awo

Wanda ruwansa daga tafki ko fadama yake zuwa, ko yake saye a hannun 'yan ga-ruwa, ba shi da ƙofar da zai toshe. Maganinsa mafi araha shi ne alam, wanda gidajen ruwa na gwamnati ma da shi suke aiki. Alam na sa narkakken launin ya dunƙule ya zama gudaji, gudajin su kwanta. Sai dai yadda aka saba yi, a jefa dunƙule cikin randa a juya a cire da ka, shi ke sa wata rana ruwa ya washe wata rana ya yi tsami. Kowane ruwa da gwargwadonsa, kuma ana gano shi ne da gwaji.

Daka alam ya yi gari. Auna giram 10, kusan ƙaramin cokali biyu a shafe, ka narkar cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Ka rubuta a jikin kwalbar, ka ajiye inda yara ba za su kai ba. Kowace mililita ɗaya ta wannan haɗi tana ɗauke da miligiram 10 na alam. Sayi sabon sirinji a kemis, ka cire allurar, shi ne ma'auninka.

Jera robobi huɗu, kowace da lita ɗaya ta ruwan mai launi. Ta farko sa mata mililita 2, ta biyu 4, ta uku 6, ta huɗu 8. Girgiza kowace da ƙarfi na minti ɗaya, sannan ka koma juyawa a hankali, a hankali ƙwarai, na kamar minti goma. Wannan juyawa ta sannu ita ake yawan tsallakewa, kuma ita ce ke ba ƙananan gudajin damar haɗuwa su yi nauyi. In ka ɗaga robar ga haske za ka ga wasu 'yan farare-farare masu ruwan ƙasa suna shawagi suna girma. Ajiye su awa ɗaya. Robar da ta washe da mafi ƙarancin alam, ita ce awonka, ba wadda ta fi yawa ba. Alam in ya wuce kima yakan mayar da ruwan tsami, gudajin ma su ƙi kwanciya.

A ce ta mililita 4 ce ta yi. Jarka mai lita 25 za ta ci mililita 100 na haɗin, durom mai lita 200 kuma mililita 800, wato giram 8 kacal na alam. Wanda ya saba jefa dunƙule zai yi mamakin ƙanƙantar abin. A juya durom da sanda mai tsabta yadda aka yi wa roba, da ƙarfi sannan a hankali, a rufe a bar shi awa biyu ko ya kwana. A tsiyaye na sama ta tiyo ko a kwashe da moɗa ba tare da an tayar da na ƙasa ba, a tace da farin ƙyalle mai ninki. Tabon gindi a zubar nesa da rijiya.

Idan duk robobin huɗu sun ƙi yin gudaji, mai yiwuwa ruwan ya riga ya yi tsami da yawa, abin da ke faruwa da ruwan fadama da na sama. Sake gwajin, ka sa ɗan bekin soda kaɗan, abin da ɗan yatsa biyu za su tsinta, a kowace roba kafin alam. Kuma a sake gwaji duk lokacin da yanayi ya juya, don awon watan Agusta ba shi ne na Maris ba.

Wasu za su ce ga ƙwayar zogale. Gaskiya ne tana kwantar da laka, matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da ita. Amma a kan narkakken launi ba ta kai alam ba, kuma ita kanta tsiro ce, tana barin abincin ƙwayoyin cuta cikin ruwan, don haka ba a ajiye ruwanta ya kwana biyu.

Mataki na huɗu: kulorin a ƙarshe, ba a farko ba

Alam ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka, rage su yake yi. Bayan ruwa ya washe sai a tafasa ko a sa kulorin, irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, bisa awon da ke jikin kwalin. A jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warin kulorin kaɗan. Masu abin gwaji na neman ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In babu wari ko kaɗan, launin da ya rage ya cinye maganin, a ƙara awo ɗaya a sake jira.

Dalilin jera su haka ya wuce tsimin magani. A 1974 wani masanin sinadarai a gidan ruwan Rotterdam na ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin ya gamu da ruɓaɓɓen tsiro cikin ruwa, yana haifar da wasu sinadarai, cikinsu har da kulorofom, waɗanda ba a son mutum ya yi shekaru yana sha. Cire launi tukuna na rage su sosai. Amma kada wannan ya sa wani ya daina sa kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan sinadarai. Kwalara da taifot a kwanaki suke kayar da mutum. In babu alam a gida kuma ruwa mai launi ne kaɗai, a tafasa, ko a ninka awon kulorin a sha.

Shanya ruwa a rana cikin roba, da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta da ake haɗawa a bututu, duk haske ne makaminsu, tanin kuwa yana shanye hasken kafin ya kai ga ƙwayoyin. Masu ƙera fitilar kan nemi tanin ya gaza miligiram 0.1 a lita. Fitila na ci a ruwa mai launi ba shaida ba ce cewa tana aiki.

Ga mai famfo a ko'ina cikin gida

Wanda ya toshe duk wata ƙofa kuma launin bai tafi ba, ga bandakuna da injin wanki, shi ne ya isa maganar na'ura. Farar matatar zaren nan da ake sawa cikin shuɗin gwangwani ba ta cire tanin ko kaɗan, yashi da tsatsa take tarewa. Kada a sayar maka da ita a kan wannan. Matatar gawayin masana'anta, wadda ake kira kabon, tana rage launi mara yawa da wari, amma tanin na cika ta da wuri, sai ka ga launi ya dawo tun kafin lokacin da aka ce za a canza ta. Gawayin girki da aka daka ƙarfinsa bai kai nata ba ko kusa.

Abin da aka ƙera musamman don tanin shi ne tanki mai cike da resin, wato wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama shi, waɗanda ake wankewa da ruwan gishiri. Yana aiki, amma yana da sharuɗɗa. Dole a cire ƙarfe kafin ruwa ya iso shi, in ba haka ba resin ɗin ya toshe. Ruwa mai tauri sai an fara tausasa shi. Ana wanke shi duk kwana biyu ko uku ko da ba a yi amfani da ruwa sosai ba, domin tanin in ya daɗe yana nutsewa cikin ƙwayoyin ya ƙi fita. Yakan sauke pH na ruwa, wato ya ƙara masa tsami, abin da ke cin bututun ƙarfe, kuma wani lokaci yana sa ɗan ƙarni. Sannan yana son wuta da gishiri a kai a kai. Kafin ka biya, nemi mai sayarwa ya gwada resin ɗin da ruwan gidanka a gabanka, don tanin iri-iri ne, wanda ya yi wa maƙwabci ba lalle ya yi maka ba. Ka kuma tambaye shi inda za ka sami sabon resin in wannan ya gaji.

Ga yawancin gidaje, ni na fi karkata ga raba ruwan gida biyu. Ƙaramar na'urar RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, a kicin don sha da girki, da matatar zare da ta kabon a gabanta don kare ta, tana cire launin kusan duka. Tana zubar da lita uku ko huɗu a kan kowace lita ɗaya da ta tace, sai a tari wannan don share tsakar gida da ban-ruwa. Wanka da bandaki su ci gaba da ruwan yadda yake, in gwaji ya nuna babu ƙwayoyin cuta. Fararen kaya kuma a ware musu durom ɗaya da aka yi wa alam. Tufafin da suka riga suka yi rawaya, a jiƙa su da garin omo cikin ruwa mai ɗumi maimakon sabulun sanda, wanda ke kama tabon tanin ya zaunar da shi. Idan ruwan na da ƙarfe, kada a sa bilic, ƙara ja zai yi. Ruwan lemun tsami ya fi fitar da wannan.